Telan da ya kai waya gyara alhali kunnenshi ne ya ɗauke

Ranar Talata ce, saura kwana tara Babbar Sallah, ga zafi ga ruwa ya fara sauka yara sun fara zazzaɓi, layi ya kai har bakin baranda. Lokacin watana bakwai da fara aiki a wani ƙaramin asibiti a cikin garin Katsina, sunan asibitin ba zan faɗa ba, mara lafiyan ma haka, na dai nemi izininshi kafin in rubuta ya ce in rubuta ko Allah zai sa wani ya amfana. Kuma kuskuren da ke cikin labarin nan nawa ne ni kaɗai, gara in faɗa tun yanzu.

Dattijo ne ɗan shekara 54, tela, shagonshi na wajen Kofar Marusa, ya shigo da wani yaron shagonshi yana riƙe mashi leda cike da magunguna. Muka gaisa na ce Baba mi ke tafe da kai, ya juyo da gefen damanshi ya ce "Likita ɗan ɗaga murya, wannan ɗin ya toshe." Ya nuna na hagu.

Yadda abin ya fara

Ranar Laraba da ta wuce ya kwanta lafiya lau, da asubar Alhamis wani kwastoma ya kira shi kan ɗinki, ya kara wayar a kunnen hagu kamar yadda ya saba don hannun dama kullum yana kan almakashi ko alli, sai ya ji shiru. Yana ta halo halo. Ya ɗauka sifikar wayar ce ta mutu, wallahi har wurin mai gyara ya aika yaro da ita, mai gyara ya kira ta a gaban yaron ya ce wayar nan lafiyarta ƙalau. Sai da ya maida ta kunnen dama ya ji murya raɗau sannan ya gane inda matsalar take. Tun daga ranar kunnen yana mashi wani shuuu kamar an bar rediyo ba tasha, kuma ji yake kamar an cusa auduga a ciki. Ranar farko ya ɗan yi jiri da ya miƙe daga kan keke, amma bai faɗi ba, bai yi amai ba, washegari jirin ya tafi. Ba ciwo, ba mugunya, ba zazzaɓi.

Ledar kuma, akwai maganin ɗigawa kala biyu daga kemis, akwai man zaitun, akwai man habbatussauda, akwai ƙwayar mura. Wani maƙwabcinshi ma ya ce a kira wanzami, uwargida ce ta hana. Na tambaye shi mi ya sa bai zo tun ranar ba, ya yi dariya ya ce Likita saura kwana nawa Sallah? Ɗinki ya fi kala sittin a rataye.

Na yi tambayoyin da aka koya mana. Bai taɓa sanƙarau ba, ko a annobar 1996 da ta yi ɓarna a arewa gidansu Allah ya tsare. Hangum ya ce ƙila yana yaro. Ba a yi mashi allurar jenta ba kwanan nan, ba kwinin, bai sha maganin tarin fuka ba, waɗannan duk magunguna ne da ke iya taɓa jin mutum. Bai bugu a kai ba, bai je inda ake fama da zazzaɓin Lassa ba, wanda shi ma yana barin mutane da kurumta bayan sun warke. Yana da hawan jini yana shan magani in ya tuna, yana da olsa. A shago kuma janareta ce a bakin ƙofa tana ta ruri tun safe har dare, shekara da shekaru. Awon jini ranar 150 bisa 90. Fuska ba ta karkace ba, magana daidai, hannu da ƙafa da ƙarfinsu, tafiya daidai, don duk wanda ji ya ɗauke mashi farat ɗaya da jiri dole ka leƙa ko shanyewar ɓarin jiki ce ke sallama.

Na ɗauki fitilar duba kunne. Na dama tas, dodon kunne yana sheƙi. Na hagu kuma ga dauɗa ta jiƙe da mai ta yi caɓa-caɓa, ta rufe kamar rabin ramin, amma ta sama ina hango dodon kunnen kaɗan kuma ban ga ja ko huji ba. To a nan ne zuciyata ta riga ta yanke hukunci tun kafin in gwada komai, na ce dauɗa ce kawai.

Ƙarfen gwaji

Akwai wani ƙarfe mai ƙafa biyu kamar baushe a cikin durowar teburin, a asibiti tunin fok muke ce mashi, a jikinshi an rubuta 512, wato in ka buga shi yana girgiza sau 512 a daƙiƙa ɗaya. Asalinshi ma ba kayan asibiti ba ne, wani mai busa ƙaho a Ingila, John Shore, shi ya ƙirƙiro shi a 1711 don saita kayan kiɗa, daga baya likitocin Jamus suka ɗauke shi aiki. Gwaji biyu da kowa ya sani da shi sunan Jamusawa biyu suke ɗauke da shi, Ernst Heinrich Weber da Heinrich Adolf Rinne, shi Rinne a 1855 ya bayyana nashi.

Don wanda ba ma'aikacin lafiya ba ya bi ni, sauti hanya biyu yake bi ya isa inda ake jinshi. Ta farko ta iska, ya shiga ramin kunne ya kaɗa dodon kunne, dodon ya kaɗa wasu ƙananan ƙasusuwa guda uku da ke bayanshi, na ƙarshensu shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam tsawonshi wajen milimita 3, shi kuma ya tura motsin cikin wani abu mai kama da katantanwa cike da ruwa, a can ne ake maida motsi ya zama saƙo jijiyar ji ta kai ƙwaƙwalwa. Hanya ta biyu ta ƙashi, in abu mai girgiza ya taɓa ƙoƙon kai sai girgizar ta tafi kai tsaye zuwa katantanwar, ba ruwanta da rami ko dodo ko ƙasusuwan nan. Shi ya sa rashin ji ya kasu gida biyu manya. Akwai na toshewar hanya, dauɗa ko ruwa a bayan dodo ko hujewar dodo ko ƙasusuwan sun sandare, cikin lafiya lau saƙo ne bai isa ba. Akwai kuma na ciki, hanya a buɗe take amma katantanwar ko jijiyar ce ta samu matsala. Wani ma yakan haɗa duka biyun.

Gwajin Rinne kunne ɗaya-ɗaya ake yi. Ka buga ƙarfen a gwiwarka ko gwiwar hannu, kar ka buga a tebur don sai ya fitar da wasu ƙararraki na daban su ruɗa mutum, ka riƙe shi ta gindi kar yatsa ya taɓa ƙafafun, ka danna gindin a kan ƙashin bayan kunne, sannan ka ɗauke ka kawo ƙafafun daidai bakin rami kamar inci ɗaya ba tare da ya taɓa ba, ka tambaya wanne ya fi ƙarfi, na baya ko na gaba. Lafiyayyen kunne na gaba yake fi ji, don dodo da ƙasusuwan nan ƙara ma sauti ƙarfi suke, wannan shi ake ce ma fozitif. Abin dariya a nan fozitif shi ne mai kyau, saɓanin takardar lab da in mutum ya ji an ce fozitif sai cikinshi ya ɗuri ruwa. In kuwa na baya ya fi, negatif kenan, alamar hanyar iska ta toshe, kuma galibi sai toshewar ta kai wajen desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 20 zuwa 30 kafin ƙarfen 512 ya nuna. Mai ciwon ciki kuma, duka hanyoyin biyu sun ragu tare, amma dai na gaba yana nan gaba, shi ma fozitif zai ba ka.

Na yi ma Baba a dama, ya ce na gaba ya fi. Na yi a hagu, na danna a ƙashi na ce kana ji? Ya ce ina ji. Na kawo bakin kunne, ya ce babu komai. Na maimaita, haka. Negatif a hagu, ga dauɗa na gani da idona, ga mutum yana cewa ya toshe, mi ya rage? Na ja takarda na rubuta a ci gaba da ɗiga man zaitun kwana biyar, ya dawo Litinin a wanke kunne. Weber ban yi ba. Ba wai na manta da shi ba ne, gani na yi ɓata lokaci ne ga mutum talatin suna jira.

Matiron

Allah ya sa a daidai lokacin Matiron ɗinmu ta shigo ɗaukar wani fayil. Dattijuwa ce saura kaɗan ta yi ritaya, ta yi kwas na jinyar kunne da hanci da maƙogwaro a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ni Mama nake ce mata ita kuma in da mutane ta ce Likita in mu biyu ne ta ce ɗana. Ta ga ƙarfen a hannuna ta leƙa takardar, sai ta ce a hankali yadda Baba ba zai tsargu ba, "Likita, halan Weba ɗin ina ya tafi?"

Na ce Mama ai ga dauɗa nan.

Ta ce ba ta ce babu dauɗa ba, a dai yi ta gani.

Gwajin Weber bai kai minti ɗaya ba. Ka buga ƙarfen ka dasa gindinshi a tsakiyar goshi ko tsakiyar kai, ka tambayi mutum a ina yake jin ƙarar, tsakiya ko ta karkata gefe. Mai lafiya tsakiya zai ce ko ya ce ko'ina. In kunne ɗaya hanyarshi ta toshe, ƙarar wajen kunnen da ya toshe take tafiya, abin da ke ba mutane mamaki kenan har wani mara lafiyan yakan ƙi faɗa don yana ganin za a ce bai fahimci tambaya ba. In kuma ciwon na ciki ne, ƙarar guduwa take daga kunnen mai ciwo ta koma mai lafiya. Kana iya gwada na farkon yanzu inda kake zaune ba sai da ƙarfe ba, rufe bakinka ka yi mmmm, kana cikin yi ka toshe kunne ɗaya da yatsa, za ka ji muryar ta tattara ta koma kunnen da ka toshe. Dalili kuwa hayaniyar waje ta daina shiga ta dame shi, sannan sautin da ke cikin ƙashi wanda da ta rami wani kasonshi ke fita yanzu ya rasa hanyar fita.

Toh in dauɗa ce ta hana Baba ji a hagu, dole ƙarar ta tafi hagu. Na dasa mashi a goshi. Matiron ta ce Baba kar ka yi magana, nuna mani da hannu. Ya ɗaga hannu ya kama kunnen dama. Na sake a tsakiyar kai, dama. Na sake a kan karan hanci, dama.

Na tsaya ƙarfe a hannu ina kallon takardar da na rubuta. Rinne ya ce toshewa a hagu, Weber ya ce ko dai toshewa a dama, wanda ba haka ba ne don dama tas yake kuma fozitif, ko kuma ciwon ciki a hagu. Biyun ba su haɗu ba, ɗaya daga ciki ƙarya yake mani.

Inda Rinne ke ƙarya

Ƙoƙon kai ƙashi ɗaya ne a haɗe. In ka danna ƙarfe a bayan kunnen hagu ba kunnen hagu kaɗai ka girgiza ba, kan gaba ɗaya ka girgiza, kuma abin da sautin ke rasawa kafin ya ƙetara ɗaya gefen ta ƙashi ɗan kaɗan ne, daga babu zuwa desibel 10. Don haka mutumin da kunnenshi na hagu ya mutu murus, ka sa mashi a ƙashin hagu zai ce yana ji, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai katantanwar dama ce ke ji mashi. Ka kawo bakin ramin hagu ya ce shiru, don ta iska sautin ba ya iya zagayawa da ƙarfi haka. Kai kuma ka rubuta ƙashi ya fi iska, negatif, toshewa. Negatif na ƙarya kenan, yana cikin kowane littafi, na amsa shi a jarabawa ma, amma ranar da ya zauna a gabana sanye da hula da tef a wuya ban gane shi ba.

Akwai wani tarko kuma da ya shafe mu mu Hausawa musamman, wanda ba za ka gani a littafin Turawa ba. Kalmar "ji". Da ita muke jin magana, da ita muke jin zafi da sanyi da ƙaiƙayi da motsi. In ka danna ma mutum ƙarfe mai girgiza a ƙashi ka ce "kana ji?" ai dole ya ce yana ji, ko kurma ne tun haihuwa, don fatarshi ta ji zirrr. An ce jiki ya fi kunne ji, a ɗakin gwaji wannan magana ba karin magana ba ce kawai. Shi ya sa ma aka zaɓi 512, don na 256 da na 128 girgizarsu a jiki ta yi yawa, na 128 ɗin ma aikinshi daban, da shi ake gwada jijiyoyin ƙafar masu ciwon suga, shi kuma na 1024 ƙararshi saurin mutuwa take kafin ka gama tambaya. Matiron ba ta taɓa cewa "kana ji?" Cewa take "ƙara kake ji ko motsi?" in ya ce ƙara ta ce "kwaikwaya mani ita", sannan "a wane kunne?" Ga kuma kunya irin tamu, dattijo ba ya son ya ba likita wahala, duk abin da ka tambaya da alamar kana son eh to eh ɗin zai ba ka. Tambayar da na yi ma Baba tun farko ma a karkace take.

Maganin wannan ƙaryar shi ne ka shagaltar da kunne mai lafiya ya kasa taya ɗan'uwanshi. A manyan asibitoci akwai wani ɗan akwati mai ƙara da ake sawa a kunne, akwatin Barany, mu ba mu da shi. Matiron ta zagaya ta sa yatsa a kan ɗan tsokar nan da ke bakin ramin kunnen dama, ta danna ta tana murzawa ba tsayawa, wannan murzawar ƙugi take cika kunne da shi. Na buga ƙarfe na danna a ƙashin hagu. Baba ya yi shiru yana saurare, can ya ce "Motsi dai nake ji Likita, ƙarar ta tafi." Ta saki, ya ce ta dawo, ya nuna dama. Na koma bayanshi tazarar hannu ina faɗin lambobi tana murza daman, raɗa bai ji ba, magana ta sosai bai ji ba, sai da na ɗaga murya kamar mai kiran wani a tsallaken titi ya ce kamar an yi magana.

Dauɗar kuma Matiron ta ɗauko ɗan ƙarfen kwasa ta fitar da ita cikin minti biyu don ta riga ta yi laushi da mai. Dodon kunne ya fito fes, ba abin da ya same shi. Muka sake gwaji, ba abin da ya canza. Da ma dauɗar da ba ta rufe rami ruf ba ba ta cika hana ji ba, ko ta rufe ɗin ma ba ta kai mutum ga kasa jin waya kwata-kwata. Wannan ma ya isa ya tsayar da ni tun farko da na saurari labarin wayar da kyau.

Sunan ciwon da lissafin kwanaki

Abin da ke gabanmu shi ne ɗaukewar ji ta ciki ta farat ɗaya. Ma'aunin da aka sa mata shi ne ji ya faɗi da desibel 30 ko fiye, a muryoyi uku da ke jere a kan awo, cikin awa 72. Kusan tara cikin goma ba a gano takamaiman dalili, ana zargin ƙwayar bairos, ana zargin toshewar ɗan siririn jijiyar jinin da ke ciyar da katantanwa, wacce ita kaɗai ce ba ta da mataimakiya. Wasu suna warkewa da kansu, tsakanin kashi ɗaya zuwa biyu cikin uku, amma wanda nashi ya yi tsanani ko ya zo da jiri ko shekaru sun ja, damarshi ta fi ƙanƙanta, Baba kuwa duka ukun ya taɓa. Maganin da ake gwadawa sitiroyid ne, wato maganin rage kumburi, kuma ƙa'idar da ƙungiyar likitocin kunne ta Amurka ta sabunta a 2019 cewa ta yi ana iya ba da shi cikin sati biyu na farko. Ba tabbas ne da shi ba, amma in za a yi to da wuri ake yi.

Yanzu ku yi lissafin da na yi a daren ranar na kasa barci. Ya zo mani a kwana na shida. Na ce ya dawo Litinin, kwana na sha biyu kenan, kuma saura kwana uku Sallah. Wane tela ne a Katsina zai bar shago saura kwana uku Sallah ya zo wankin kunne? Ba zai zo ba. Sai an yi layya an yi hawa an gama yawon Sallah, Litinin ta sama, kwana na sha tara. A wanke kunne a ga bai ji ba, sannan a fara tunanin tura shi gaba. Takarda ɗaya da na rubuta cikin sauri da ta cinye mashi duka kwanakin.

Na yaga ta na rubuta wata. Na kira wani babban likitan kunne da ya koyar da mu na karanta mashi abin da muka samu, ya ce a duba suga in lafiya a fara sitiroyid ɗin, prednisolone, yau ɗin nan, miligiram 60 da safe bayan ya ci abinci, tare da maganin kare ciki saboda olsar, a riƙa auna jini da suga, gobe da sassafe ya zo a yi mashi awon ji na na'ura. Suga lafiya lau. A nan dole in ja kunne, kar wani ya karanta wannan ya nufi kemis, dangin ƙwayoyin nan ne da wasu ke sha don ƙiba suna jawo ma kansu bala'i, yana tada suga yana tada hawan jini yana tada olsa, kuma ba a yanke shi kwatsam sai an bi ana ragewa.

Shawo kan Baba ya fi gwajin wuya. Ya ce yanzu don Allah ba za a bari bayan Sallah ba? Ni ina ta kawo bayanin jijiya da katantanwa, Matiron ta katse ni ta ce "Alhaji, in yadi ya ƙone da dutsen guga ka samu tun yana ɗan tabo, da ka bari ya huje, wanne ke gyaruwa?" Ya yi shiru, ya juya ya ce ma yaron gobe shi zai buɗe shago.

Abin da na'ura ta nuna

Odiyogiram, wato awon ji na na'urar, ya tabbatar. Hagu ya faɗi zuwa wajen desibel 90 kusan ko'ina, iska da ƙashi tare, ba tazarar da ke nuna toshewa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da 20 shi ne lafiya, daga 80 zuwa sama kuwa an shiga mai tsanani ƙwarai. Dama yana wajen 20, sai dai a murya ta 4000, wato siririyar ƙara mai girgiza sau 4000 a daƙiƙa, ya yi wani rami ya sauka zuwa 45, wanda shi ne tambarin da hayaniya ke bari, aikin janaretar bakin shago kenan. Ku lura ƙarfena bai ga wannan ramin ba sam, don shi murya ɗaya tak yake gwadawa, 512.

Iyakarshi kenan kuma ya kamata a san ta. Bai faɗa maka nawa ji ya ragu, gefe da iri kawai yake nunawa. Tsohon da kunnuwanshi biyu suka ragu daidai wa daida saboda shekaru, Weber tsakiya zai ba ka Rinne fozitif dama da hagu, sak na mai lafiya, alhali jikokinshi sai sun yi ihu. Ƙaramin yaro ba zai iya ba ka amsa ba. Wanda ya haɗa toshewa da ciwon ciki sai ya ruɗa ka. Akwai wani gwajin ma na Schwabach da ake kwatanta jin mara lafiya da na likita, an kusa daina shi, don wa ya ce kunnen likitan lafiya yake? Amma a wurin da na'urar awo sai an yi tafiya an bi layi an biya kuɗi, ƙarfen nan da ba ya cin batir ba ruwanshi da wuta shi ke raba wanda za a ce ya je gida ya ɗiga mai da wanda za a ce gobe-goben nan. A satin ma wata yarinya 'yar shekara sha uku ta zo da kunnen dama yana zubar da mugunya tun tana firamare, Rinne negatif a dama, Weber ya tafi dama, biyun suka yi baki ɗaya, ga huji a dodo ina gani. Wannan ita ce toshewa ta gaskiya, kuma sai da na yi duka biyun kafin in ɗauki biro.

Baba ya sha magani sati ɗaya cikakke sannan aka bi ana ragewa. Jini ya ɗan hau a kwana na huɗu aka gyara mashi maganin hawan jinin, ciki bai tashi ba. Ranar Sallah ya kira ni da kanshi yana cewa kamar ya ji gangunan hawa ta hagu amma can nesa kamar daga cikin rijiya. Da ji bai dawo yadda ake so ba likitan kunnen ya yi mashi allurar sitiroyid ta cikin dodon kunne, wacce ake yi in na sha bai wadatar ba. Bayan sati shida aka sake awo, muryoyi masu kauri sun gyaru zuwa wajen 50, sirara kuma suna 70 ba su motsa sosai ba. Shuuu ɗin yana nan amma ya ce ya rage sai dare ya yi tsit yake damunshi.

Da ya zo mani bayan nan na sake fito da ƙarfen. Weber har yanzu dama. Rinne a hagu kuwa, Matiron na murza daman, na sa a ƙashi ya ce ƙara kaɗan, na kawo bakin kunne ya ce wannan ta fi. Ya koma fozitif, wanda ke nufin kunnen ya farfaɗo har ya iya amsa tambaya da kanshi ba sai ɗan'uwanshi ya amsa mashi ba.

Saura abu ɗaya da ba a yi ba har yau. Duk wanda ji ya ɗauke mashi ta ciki a kunne ɗaya ana son a yi mashi hoton cikin kai na MRI, don a wasu ƙalilan wani ƙari ne mara kansa ke tsirowa a kan jijiyar, kuma dawowar ji ba ta kore shi. An rubuta mashi, ya ji kuɗin ya ce sai bayan kaka in ya sayar da gero. Janaretar dai ya sa an ja ta bayan shago an ƙara waya, kujerar kwastoma ya maida ta gefen dama, na'urar ƙara ji kuma ya ce yana tunani. Na sa ranar a wayata, farkon Nuwamba zan kira shi kan hoton, in bai ɗauka ba Matiron ta ce ta san ƙofar gidan.